Na sauke Littafi Mai Tsarki sau biyu amma matata ta ce halina yana nan yadda ta san shi

TelanSabonTasha:

Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da yake cina a rai tun watan Disamba na rasa wanda zan faɗa wa, in na ce zan kai wa fastonmu kunya ba za ta bar ni ba, shi ya sa na kawo nan inda ba wanda ya san fuskata.

Ni tela ne a Sabon Tasha nan Kaduna, ɗan ECWA, cikin ikilisiya aka haife ni. Shekara biyu da suka wuce na ce kai abin kunya ne mutum ya kai shekara 36 yana saɓa Littafi Mai Tsarki a hammata kowace Lahadi amma bai taɓa bin sa daga Farawa har Wahayi ba. Na zauna na lissafa, surori 1189 ne, in ka yi uku kullum ka yi biyar ran Lahadi shekara ɗaya ta ishe ka. Haka kuwa na yi. Ƙarfe biyar na asuba ina zaune da waya ko da wuta ko babu, har Littafin Firistoci da Ƙidaya inda yawancin mutane ke sarewa na daure na wuce. Na sauke, na sake ɗaukowa na sake saukewa. Manhajar tana lissafa min kwanakin da na jera ban tsallake ba, na haura kwana 400, har hoton allon wayar na ɗauka na ɗora a sitatus mutane suna ta yaba min.

To ga inda gizo ke saƙa. Kun san yadda aikinmu yake in Kirsimeti ta gabato, na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina, ciki har da ankon Zumuntar Mata na mutum 14 kuma na karɓi kuɗin kafin alƙalami na kashe. Na ce musu Juma'a alhali ko yankawa ban yi ba. Ran Juma'ar na hango wata mama a cikinsu tana tahowa sai na shige bayan labule na ce wa yaron shago ya ce mata na tafi kasuwa sayo zare. Da yamma kuma yaron nan ya ƙona wa wani shaddarsa da dutsen guga, na zage shi tas har iyayensa na haɗa, a gaban mutane, ashe matata ta kawo min abinci tana tsaye a ƙofa duk ta ji. Ba ta ce komai ba sai washegari da asuba ina tsakiyar karatuna ta leƙo ta ce, Baban Godiya wai wannan littafin da kake karantawa kullum babu inda aka yi maganar baki ne a ciki?

Gaskiya maganar nan ta soke ni. Na so in yi faɗa amma ban samu ta inda zan fara ba don na san Yakubu sura 3 kamar yunwar cikina, sau biyu na wuce ta wurin. To tambayata ita ce, shin da gaske karatun Maganar Allah kullum yana canza halin mutum ko kuwa dai Bahaushe ne ya yi gaskiya da ya ce hali zanen dutse? In yana canzawa ina ne na kuskure? Don ni yanzu har karatun ya fara fita raina, ina ji kamar wahalar banza nake yi.

Rahila_K:

Ɗan'uwa kada ka karaya, mugun ne yake so ya raba ka da Maganar. Ka ci gaba kawai ka haɗa da addu'a da azumi, a lokacinsa Ubangiji zai yi aikinsa. Amma fa madam ta iya tambaya lol, Allah ya ƙara mata hikima.

MamanLadi_Saminaka:

Ɗana tela sannu da ƙoƙari. 'Yata ce take danna min wayar ina faɗa mata don ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Ita ta karanta min maganarka na yi dariya har da hawaye, ba kai nake yi wa ba, kaina na tuna.

Ni ban taɓa sauke Littafin ba kuma ban san ko zan sauke kafin Ubangiji ya kira ni ba. Da girmana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci na majami'armu, ina bin baƙi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Hatsi nake sayarwa, masara da dawa da waken soya, fiye da shekara 30 ina kasuwa. Kuma bari in faɗa maka abin da duk mai awo ya sani ko da ba zai faɗa ba, mudu biyu gare ni a da. Akwai na saye wanda aka bubbuga gindinsa ya zurfafa, shi nake fitarwa in manomi ya kawo kaya, akwai na sayarwa wanda gindinsa ya ɗan taso. Ban taɓa ɗaukar abin zunubi ba, kasuwa ce, haka na tarar ana yi, kuma da ribar nake ba da baiko ran Lahadi ina rawa zuwa gaba.

A zumuntarmu ta mata muna da wata uwar zumunta, ta rasu yanzu, ita ba ta yarda da yawan karatu ba. Aya ɗaya take ba mu a mako mu haddace, amma in muka dawo ran zumunta ba cewa take a maimaita ayar kaɗai ba, sai ta bi mu ɗaya ɗaya ta ce ke me kika yi da ayar makon jiya? Wani mako ta ba mu Karin Magana 11:1 inda aka ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, ta ƙara da Maimaitawar Shari'a sura 25 inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ɗana ji na yi kamar wanda ya rubuta wurin ya zo ya leƙa ƙarƙashin teburina ne ya koma ya rubuta. Makon da ya biyo ban je zumunta ba na ce zazzaɓi nake. Wata uku ina kokawa da ayar nan, ina miƙa hannu zan ɗauko mudun sai ta faɗo min a rai, na yi ta ba kaina hujja, yara suna makaranta, mijina ba lafiya, kowa ma yana yi. Ƙarshe dai na gaji na ɗauko mudun sayen na kawo gida na mayar da shi kwanon ruwan kaji, yana nan tsakar gida har yau kullum ina ganinsa. Ba zan yi maka ƙarya in ce washegari kuɗi suka zubo daga sama ba, riba ta ragu sosai, a kowane buhu akwai abin da na saba samu da na daina samu, sai bayan shekaru ne manoman ƙauye suka riƙa wuce wasu suna nemana.

To kai surori nawa ka ce kana karantawa, uku? Wa yake tambayarka me ka yi da su? Wayar ba za ta tambaye ka ba, ita ƙidaya kawai ta iya. Matarka ce ta yi maka aikin uwar zumunta, ka gode mata. Kuma kada ka ɗauka ni na gama, maganar gulma har yanzu muna fama ni da ita, 'yata tana nan tana dariya wai in faɗa maka wannan ma.

GaskiyaƊaciGareta:

Ni kam zan faɗi abin da ba a so a ji. Mama na gaishe ki, labarinki ya yi daɗi amma irinki nawa ne? Ni a abin da idona ya gani yawan karatun nan wasu ma ƙara lalata su yake. Akwai wani ɗan'uwan babana, in ana binciken Littafi Mai Tsarki ran Laraba ba mai kai shi, ka fara aya ya ƙarasa maka ya faɗa maka sura da lamba, amma shi ya cinye gonar marayun ƙanensa kuma da aka taru a kansa ayoyi ya riƙa jawowa yana kare kansa. To wannan karatun me ya amfana masa? Makami kawai ya samu. Kada ku manta a Matiyu 4 Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu, kuma Farisiyawa ba wanda ya kai su bin Attaura baƙi da baƙi, irinsu ne Yesu ya ce wa a Yahaya 5 kuna ta binciken Littattafai amma kun ƙi zuwa wurina. Bulus ma ya ce wa Korantiyawa ilimi kumbura kai yake sawa.

Ni a ganina hali daga tarbiyyar gida yake. Wanda uwarsa ta hore shi tun yana ƙarami zai yi gaskiya ko ya karanta ko bai karanta ba. Maƙwabcin shagona Musulmi ne, in zan yi tafiya shi nake bar wa makullina ba ɗan kwayarmu ba, kuma na san dalili. Kakata ba ta san ko baƙi ɗaya ba har ta mutu amma ban taɓa jin ta zagi mutum ba. Don haka malam tela kada ka wahalar da kanka, ka daina karɓar ɗinkin da ba za ka iya ba shi ke nan, wannan ba sai ka karanta surori dubu ba.

TelanSabonTasha:

Mama na gode, maganar wa yake tambayarka ta zauna min. GaskiyaƊaci ai abin da ya tsorata ni ke nan, kada in zama kawun nan naka. Amma maganar tarbiyya ba ta warware min ba, uwata ta hore ni iyakar horo, ƙaryar gobe ka zo gobe ka zo a wurin maigidana na koye ta lokacin ina yaron shago, zagin ma haka, yadda aka yi min nake yi wa yarana.

TsohonMalami_Gindiri:

Ɗana, na karanta duk abin da aka rubuta, bari tsoho ya sa baki ko da zan ɗan ja ku da nisa. Malamin makaranta ne ni mai ritaya, a Gindiri aka horar da ni, ɗan ikilisiyar COCIN.

Da farko kada ka raina abin da ka yi. Tashi ƙarfe biyar kwana 400 ba wasan yara ba ne kuma ba a banza ya tafi ba, shaida ita ce da matarka ta yi maka tambayar nan take Yakubu 3 ta faɗo maka, wanda bai karanta ba me zai faɗo masa? Ka yi huɗa, gonar tana nan a gyare. Abin da ya faru shi ne ka mai da karatun tsere, kana kallon lamba. Lambobin nan kuwa ba tare da Maganar suka zo ba, rabon surorin da muke amfani da shi wani bishop na Ingila mai suna Stephen Langton ake danganta wa a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai a 1551 wani mai ɗab'i Robert Estienne ya sa su. Don sauƙin nema aka yi su, ba don a riƙa cika mudu da su ba. Akwai wani fasto ɗan Sikotland, Robert Murray M'Cheyne, wanda a 1842 ya tsara wa ikilisiyarsa jadawalin karatun shekara da har yau ake bi, surori wajen huɗu a rana, Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Abin da ya burge ni da shi, kafin ya ba su jadawalin sai da ya gargaɗe su da haɗarinsa, cewa yana iya zama al'ada marar rai, yana iya sa mutum ya ga kansa adali don ya cika lissafi, yana iya sa karatun gaggawa, yana iya zama kaya mai nauyi. Ka ga hoton da ka ɗora a sitatus yana cikin abin da mutumin nan ya hango tun ba a ƙirƙiro waya ba.

Mu da muka taso a da, Littafin da wahala ya zo hannunmu. Sai a 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha fama a kai shekara da shekaru, wanda yawancinku kuke riƙewa yanzu kuma fassarar 1979 ce, shi ya sa za ka ji mu tsofaffi muna cewa Misalai kuna cewa Karin Magana. A ƙauyenmu ina yaro kwafi ɗaya ne a hannun mai bishara, da dare a kewaye fitilar kwai ya karanta 'yan ayoyi kaɗan, sai a tsaya a yi ta muhawara a kai, wane ka ji fa, wannan maganar bashin da ke tsakaninka da wane ce. Karatu kaɗan, taunawa da yawa, kuma a gaban mutanen da suka san inda kake kwana. Yanzu kowa da nasa a aljihu yana karantawa shi kaɗai, alheri ne babba amma mun yi asarar idon juna.

GaskiyaƊaci, ban musa maka ba ko kaɗan game da kawunka, irinsu suna nan har a kujerar dattawa. Amma ka lura wanda ya gaya maka haɗarin nan ai Littafin ne da kansa, ayoyin da ka jawo daga ciki ka samo su. Yakubu 1 ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi ya juya ya manta kamanninsa. Kawunka madubin ya ɗauka yana haska fuskar wasu. Laifin madubi ne? Kakarka kuma da ba ta iya karatu ba, ka bincika, in mai bi ce za ka tarar ayoyin suna cikinta ta hanyar waƙoƙi da wa'azin da ta sha ji. Maƙwabcinka kuwa Allah ya ƙara masa amana, ni ma ina da irinsu, kuma in kunya za ta kama mu to ta kama mu a kan yadda yaransu ke zama da allo suna hadda tun suna ƙanana mu namu aya ɗaya ta makarantar Lahadi sai an haɗa da biskit.

Ɗana tela ga abin da zan ce ka gwada. Ka duba Ezra 7:10, mutumin ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'a, da aikata ta, sannan koyar da ita, a jere haka. Ka ajiye surori ukun nan na wata ɗaya, ba har abada ba, ka zauna cikin wasiƙar Yakubu kaɗai, surori biyar ne, ka yi ta maimaita su. Kana da littafin awo ai inda kake rubuta kafaɗa da tsawo da ranar karɓa. Kowace safiya ka rubuta layi ɗaya a saman shafin ranar, ba ayar ba, abin da ayar ta ce ka yi yau a shagon nan da sunan wanda za ka yi wa. Yakubu 5:12 ya ce i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a, to a bakin tela ma'anarta ranar da ka rubuta a littafin awo. Sura 5 ɗin dai ta yi maganar hakkin ma'aikata da aka danne, Littafin Firistoci 19:13 da ka ce ka daure ka wuce ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, sai ka tambayi kanka yaran shagon yaya kake yi da su. Da dare kuma ka ba matarka izini ta tambaye ka, kuma in ta tambaya kada ka ɗaure fuska.

Maganar hali zanen dutse, Bahaushe bai yi ƙarya ba, da ƙarfinka ba za ka kankare ba, ni na gwada shekaru a kan zafin raina ɗalibaina na da za su ba ka labari. Amma Ezekiyel 36:26 bai ce za a goge zanen ba, cewa ya yi za a cire zuciyar dutsen a sa ta nama. Wannan aikin Ruhu ne, karatun kai kanka ne kake yi inda zai same ka kullum. Kuma ba ya sauri. Yahaya da ya nemi a sauko da wuta a ƙone ƙauyen Samariyawa a Luka 9, wanda Yesu ya yi musu laƙabi da 'ya'yan tsawa shi da ɗan'uwansa, shi ne daga baya ya cika wasiƙarsa da maganar ƙaunar juna, shekaru da yawa ne a tsakani. Kai da kake sana'ar allura ai ka san abin da aka ce yau da gobe ke sa ta yi.

GaskiyaƊaciGareta:

Baba na ji kuma na karɓi rabi. Maganar madubi ta yi. Amma har yanzu ina nan a kan cewa in babu mai tsawata wa mutum a ikilisiya duk wannan ba ya aiki, kawun nawa ba a taɓa sa shi ƙarƙashin horo ba saboda shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Wannan ma ai yana cikin Yakubu sura 2 in ban manta ba, mai zoben zinariya da kujerar gaba.

'YarMubi:

Ban cika rubutu a nan ba amma wannan ya taɓa ni. Ni 'yar ikilisiyar EYN ce. Ran 29 ga Oktoba 2014 da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, a ranar ne kuma hedkwatarmu ta Kwarhi ta faɗa hannunsu, da zanen jikina na fita da yara biyu, ba Littafi ba waya, muka bi duwatsu ta wajen Kamaru kafin daga baya mu samu kanmu a Yola. Abin da nake so in gaya maka ɗan'uwa shi ne a kwanakin nan ba abin da na iya tunawa daga wa'azin da na taɓa ji, ko ɗaya. Abin da ya riƙa fitowa daga bakina shi ne abin da babanmu ya tilasta mana haddacewa muna yara muna gunaguni, kowace safiya kafin a ba mu kunu, Zabura 23, 46, 121, da Romawa 12 daga aya 9 har ƙarshe. A lokacin gani muke takura ce kawai. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ba gudun ne ya gwada halina ba, dawowar ce. Da muka koma gida babu komai, har ƙofa an cire, kuma na ga tukwanena da katifata da idona a gidan wani maƙwabci da muka yi shekaru muna gaisawa. Kada ma a tambaye ni addininsa, a lokacin nan kwasar ganima ba ta bar kowane ɓangare ba, kuma wanda ya ɗauke mu a motarsa kyauta a hanya Musulmi ne. Na tsani mutumin nan har in na ji muryarsa abinci ba ya shiga. Ikilisiyarmu tun kafuwarta a Garkida a 1923 an san ta da koyarwar salama da ƙin ramuwa, na taso ina jin haka ina kuma faɗa wa wasu, amma da abin ya zo kaina zaburar da na fi so ita ce 109 inda Dawuda ke roƙon masifa a kan maƙiyinsa, na karanta ta ba adadi kuma ban ji kunya ba don aƙalla wa Allah nake faɗa ba wuƙa na ɗauka ba. Matsalar ita ce Romawa 12 tana cikin kaina ba ta fita, kada ku rama mugunta da mugunta, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci, ina tuka tuwo tana zuwa ina wanki tana zuwa, har haushin babana na ji da ya sa min ita. Kusan shekara biyu kafin na iya gaishe shi. Da matarsa ta haihu na dafa abinci na kai hannuna yana rawa, kuma a cikin ɗaya daga tukwanena na ga ana dafa ruwan wankan jego, ban ce komai ba na dawo gida na yi kuka.

Ban sani ba ko wannan ne ake kira canjin hali don har yau zuciyata ba ta gama sakewa da shi ba. Abin da na sani da ba a zuba min ayar tun ina yarinya ba da ba abin da zai yi ta cina haka. Don haka ni ba zan ce ka rage karatu ba, zan ce ka haddace wani abu daga ciki, kuma ka sa Godiya ma ta haddace ko tana kuka.

TelanSabonTasha:

'Yan'uwa ku gafarce ni na yi shiru kusan wata guda, na ce ba zan dawo ba sai ina da abin faɗa. 'Yar'uwa daga Mubi na karanta naki sau uku, na rasa abin cewa, Ubangiji ya ƙara warkar da ke.

Na bi shawarar Baba, ina cikin Yakubu, kuma da Littafin takarda na babana nake yi yanzu don haka lissafin wayar ya koma sifili, abin mamaki ranar da na ga sifilin nan sai da raina ya ɓaci kamar an sace min kuɗi, nan na gane wa nake yi wa karatun a da. Layin farko da na rubuta a littafin awo sunan maman nan ne ta Zumuntar Mata. Kwana huɗu ina ɗaga shi zuwa shafi na gaba kafin na je gidanta na ce Mama ran nan ina cikin shago ƙarya na sa yaro ya yi miki. Ta ce ai na sani, na ga ƙafarka a ƙarƙashin labule. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Na yaron ne ya fi wuya. Na kira shi bayan an tashi na ce ka yi haƙuri da zagin da na yi wa iyayenka, sai yaro ya durƙusa yana roƙona wai kada in kore shi, ya ɗauka sallama ce don bai taɓa jin maigida ya ba da haƙuri ba, ni ma ban taɓa ji ba a lokacina. Amma kada ku yabe ni, shekaranjiya ya yanka hannun riga a karkace na daka masa tsawa har maƙwabta suka leƙo, iyayensa dai ban taɓa ba wannan karon.

GaskiyaƊaci shawararka ma na ɗauka, Ista na zuwa an kawo min anko uku na karɓi ɗaya na mayar da biyu, kuma kuɗin makarantar Godiya yana jirana ban san yadda za a yi ba tukuna. Na tambayi madam ko ta ga wani canji, ta ce in bari Ista ta wuce sannan in sake tambayarta.